Ranar da Aku Ta Farka Ba Ta San Ni Ba

Jama'a, yau babu doguwar gaisuwa, don raina a ɓace yake, kuma idan na tsaya jera muku "ya gida, ya yara" sai in huce, ni kuwa ba na so in huce kafin in gama faɗa. Masu damuna da saƙo suna tambaya, "Anti Ɗinki, wai ke ce a bidiyon nan?" to ku huta. Ni ce. Ni ce mai shuɗin mayafin nan da ta danne yarinya a gadon asibiti, yarinyar tana ihu a sake ta. Kun gani, kun tura wa na gaba, wasunku har da tsinuwa. Yanzu sai ku gyara zama ku ji abin da wayar ba ta ɗauko ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ɗinki ne sana'ata, kuma kayan yara sun fi yawa a hannuna. Shagona ɗan mitsitsi ne, keke biyu, teburin yanka, sai madubin da ya tsage daga gefe. A nan na fara ganin Injiniya, mai haɗa wa mutane wutar sola, ranar da ya shigo riƙe da hannun 'yarsa, ɗaya hannun da wata riga da ya sayo mata wadda za ta ishi yara biyu. Matarsa ta rasu tun yarinyar ba ta iya tafiya ba. Yanzu shekararta huɗu, bakinta ba ya hutawa, shi ya sa kowa yake ce mata Aku. Ita ce ta raɗa mini Anti Ɗinki. In faɗa muku gaskiya, ita na fara so. Uban daga baya ya biyo, kamar gyara a kan ciniki. Aka tsayar da ranar aurenmu, ya sa mini zobe mai ɗan farin dutse, ni kuma na ajiye lambarsa a wayata da sunan "Nawa".

Idon Aku na hagu yana karkacewa ciki tun tana jaririya, na daman ma ya soma bin sahu. Likita ya ce sai an yi mata aiki, a fara da na hagu, in ya warke a yi ɗayan.

Ana saura 'yan kwanaki a yi aikin, sai ga Injiniya a shago da yamma, ya zauna a kan bencin masu jira yana juya makullin mota.

"Ki ɗinka mata riga mai kyau," ya ce. "Kuma ki ce mata hoto za mu je a ɗauke ta."

Na ɗaga ƙafa daga kan keke. "Hoto kuma? Ba asibiti ba?"

"A gidanmu ba a faɗa wa yaro asibiti. Haka Hajiya ta rene mu. Ranar da za a cire mini haƙori, cewa aka yi keke za a je a saya mini."

"An saya maka?"

Ya yi dariya. "Har yau ina jira."

"To ka gani. Kai da gemunka ba ka manta ba, ita ce za ta manta?"

"Haba, ke dai ki faɗa mata. Ta fi yarda da ke. In ni na faɗa, nan take za ta gano ni."

Ku ji fa! Wato amanar da yarinya ta ba ni, ita za a ara a yi mata ƙarya da ita. Na so in kafe. Amma sai na tuna ko gidan ban shiga ba, kada a ce tun daga waje na fara sauya musu doka. Na haɗiye, na ce mata hoto za mu je. Na yanko yadi ruwan ƙwai, na yi mata riga mai tattara a ƙugu, hannu mai kumbura, maɓallai farare masu siffar fure, da igiyar da ake ɗaurewa ta baya. Da ta zo gwaji ta tsaya gaban madubina tana juyi, tana gwada murmushin da za ta yi wa mai hoto. Na ce mata ta yi kyau. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa mata ran nan.

Ranar aikin muka fita da sassafe, cikinta babu komai, don an ce ko ruwa kada ta sha. Muna shiga harabar asibiti ta ja mayafina.

"Anti Ɗinki, me ya sa mai hoton yake zaune a gidan masu allura?"

Na kalli ubanta. Ya kalli silin.

Aka kira mu wani ƙaramin ɗaki, sai ga likitar da za ta sa ta barci, wata gajeruwar mata mai koriyar hula. Ta ba Aku takarda da biro ta yi zane, sannan ta juyo gare mu, ta rage murya.

"Ina so ku ji wannan da kyau, ku biyun. Yara masu shekarunta, wani lokaci idan maganin barci yana sakinsu, sukan tashi a firgice. Ido a buɗe, amma hankali bai dawo ba. Za ta iya ihu, ta yi duka, ta ƙi kowa, ko uwar da ta haife ta ce. Ba ita ba ce, maganin ne yake fita. Yakan wuce cikin ɗan lokaci, kuma yawanci ba sa tuna komai."

Ku riƙe wannan wurin, don nan ne gizo yake saƙa. Injiniya ba ji kawai ya yi ba, har tambaya ya yi. Cewa ya yi, "Likita, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa dai ko?" Ta ce a'a. Ya ce alhamdulillahi. Da kunnena na ji.

"Kun faɗa mata abin da za a yi mata?" in ji likitar. "Yaron da ya kwanta a tsorace ya fi tashi a tsorace."

"Mun faɗa," ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ni kuwa na ƙura wa tayil ido.

Da aka zo cire mata rigar a sa mata ta asibiti, nan kuka ya fara. "Rigata! Ba a yi hoton ba!" Aka ce mutum ɗaya ya raka ta har ta yi barci. Injiniya ya jingina da bango ya ce ƙafafunsa ba za su kai shi ba, tun rasuwar matarsa ba ya iya wuce irin ƙofar nan. Na tausaya masa, wallahi na tausaya. Na ɗauke ta na shiga. Aka kifa mata wata roba a hanci da baki, tana fizge-fizge, idonta cikin nawa, tana cewa ta cikin robar, "Anti Ɗinki, hoton fa?" har muryar ta narke. Fuskata ce abu na ƙarshe da ta gani.

Kafin a gama aikin, Hajiya ta iso, ita da babbar 'yarta, yayar Injiniya, wadda Aku take kira Gwaggo. Ita Gwaggo, ku sani, tun farko ba ta so ni ba. Ba wai na yi mata wani abu ba, kawai dai ita a tsarinta ƙaninta ya fi ƙarfin tela. Mace ce da wayarta ba ta barin hannunta, ko atishawa aka yi a dangi sai ta sa a guruf. Ta gaishe ni da kan hanci, ta zauna tana gyara gwaggwaronta.

Can sai wata nas ta leƙo daga ɗakin da ake ajiye waɗanda aka gama wa aiki har su farka. Ƙofar tana da gilashi a tsakiya, ana hango ciki.

"Mai yarinyar ido? Ta fara motsi. Mutum ɗaya."

Injiniya ya taɓa gwiwar hannuna. "Shiga, ke ta fi so."

Na shiga. Jama'a, Allah kada Ya nuna muku. Aku tana kwance, idon hagu rufe da bandeji, na daman a buɗe, amma ba ni yake kallo ba, ba kowa yake kallo ba. Na ce, "Aku, ni ce." Sai ta banƙare, bayanta ya tashi daga katifa, ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakinta ba. Ƙafa tana dukan ƙarfen gado, kai yana juyawa, hannu ya nufi bandejin.

"Riƙe hannayenta!" in ji nas. "In ta cisge bandejin nan aikin ya lalace. Riƙe da ƙarfi, kada ki ji tausayi!"

Na kama. Ashe yarinya 'yar shekara huɗu tana da ƙarfi haka? Nas ta rage fitila, ta cusa filo tsakaninta da ƙarfen gado, ta dafe robar ƙarin ruwa kada ta fita. Ni kuma na rungume hannayen, na kwantar da ƙirjina a kanta, ina yi mata waƙar da muke yi a shago. Ba ta ji. Ihu kawai take, "Sake ni! Kar ki taɓa ni! Ba na so! Wayyo, sake ni!" Ta kawo mini gwiwa a baki, na ji gishirin jini. Garin kokawa dutsen zobena ya karce ta a damtse, dogon jan layi. Hawayena yana ɗiga a kan rigarta, amma ban saki ba. Da abin ya ƙi lafawa likitar ta zo ta ƙara wani magani a cikin ruwan, jikin ya saki a hankali, ta koma barci kamar ba ita ba.

Na fito leɓe a kumbure, mayafi a karkace. Wallahi abin da nake jira shi ne wani ya ce mini sannu.

Sai na ga Gwaggo tsaye a jikin gilashin ƙofa, waya a ɗage.

Hajiya ce ta fara magana, a hankali, tana jan carbinta. "Yarinya, zo nan. Me kike yi wa marainiyar nan idan ba ma nan?"

Na ce, "Na'am?"

"Maganin barci ba ya barin ƙarya a cikin mutum. Abin da ya kwanta a ƙasan zuciya, shi yake tasowa. Da kunnena na ji tana cewa kada ki taɓa ta."

"Ruwa ba ya tsami banza," Gwaggo ta cafe. "Aku ce fa, abin da ta gani take faɗa. Ki ga yadda ta danne ta, Hajiya, sai ka ce ta saba. Dubi hannunta ma, har ta ji mata ciwo."

Nas ɗin, Allah Ya saka mata, ta fito ta ce, "Mama, ba haka ba ne, ni na ce ta riƙe. Kullum muna ganin irin wannan." Gwaggo ta yatsine fuska ta ce ai dama bakinsu ɗaya, ma'aikata sun saba rufa wa juna asiri. Ita kuwa Hajiya ko kallon nas ɗin ba ta yi ba. Mutum ɗaya take jin maganarsa a duniyar nan, ɗanta. In ya ce mata rana ta yamma take fitowa, za ta juya tabarmar sallarta.

Na juya gare shi. "Faɗa musu abin da likita ta ce mana."

Ya yi tsuru-tsuru. Ya kalli uwarsa, ya kalli yayarsa, ya sosa ƙeya.

"Ba a nan ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki je gida tukuna, ki huta. Za mu yi magana."

"In je gida?"

"Don Allah. Kada a tara mana mutane."

Na san dalilinsa, ba sai an faɗa mini ba. In ya buɗe baki ya ce likita ta yi gargaɗi, dole ya kai ga inda ta ce yaron da aka kwantar a tsorace ya fi tashi a tsorace, dole ya ce wa Hajiya dabarar gidansu ta hoto da keke ita ta ƙara wa abin wuta. Ya auna fuskar uwarsa da sunana, ya ga sunana ya fi arha. Namiji ba ɗan goyo ba, an faɗa mini ban ji ba. Na ɗauki jakata na fita, rigar nan ruwan ƙwai tana ninke a ciki.

Kafin in isa gida bidiyon ya riga ni. Daga guruf ɗin danginsu ya tsallaka na unguwa, daga nan ya shiga duniya. Gwaggo ta yanke shi daidai wurin da take so, babu muryar nas, babu gwiwar da na sha a baki, sai ni a kan yarinya, da "kar ki taɓa ni". Ta rubuta a ƙasa: "Tun ba a shigo ba ke nan." Na tarar da Ummata zaune a bakin gado, waya a cinya, ta zabga tagumi.

"Ki shirya mu je ki ba su haƙuri," ta ce.

"Haƙurin me, Umma? Na me na yi?"

"Ni na san ba ki yi ba, ni na haife ki. Amma an riga an sanar da mutane, an ɗinka kaya, ƙannenki suna kallo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"In na durƙusa na ce a yafe mini, ai na amsa ke nan. Gobe in Aku ta yi tuntuɓe, ni ce."

"Ke dai kin cika taurin kai, irin na ubanki."

"To a can na gado."

Ta jefe ni da filo, amma na ga idonta ya cika. Kullum tun daga ranar maganar ɗaya ce, da safe haƙuri, da yamma haƙuri, har na fara cin abinci a shago don kunnena ya huta.

Shagon ma bai tsira ba. Wata mata da na shekara ina yi wa 'ya'yanta ɗinki ta zo da ƙaramarta. Na ɗauko tef zan auna, sai ta ja yarinyar baya ta ce, "Kawo, ni zan auna, ke ki rubuta." A shagona! Na miƙa mata tef ɗin, na koma bayan labule na ciji mayafina don kada ta ji kukana.

Shi kuma gogan, sai saƙonni. "Ki ƙara haƙuri." "Bari ƙura ta lafa." "Kin san halin Hajiya, hawan jini gare ta." "Ni ai na san gaskiya, ba shi ke nan ba?" Na rubuta masa: "Gaskiyar da ka sani ka ɓoye a aljihu, me za ta yi mini?" Ya turo hoton zuciya. Zuciya fa! Na shiga wayata na goge "Nawa", na rubuta "Baban Aku".

Ana nan sai ga saƙon murya daga lambarsa. Na buɗe da niyyar in ƙara jin haushi, sai na ji 'yar muryar nan.

"Anti Ɗinki, ni ce Aku. Idona ya warke, ina ganin Baba guda ɗaya yanzu. Me ya sa ba ki zuwa? Gwaggo ta ce na kore ki, ni ban kore ki ba. Anti Ɗinki, yaushe za a yi hoton? Ki zo da rigata."

Ban san sau nawa na saurara ba. Ba ta tuna komai ba, kamar yadda likita ta faɗa. Abu ɗaya ta riƙe, ƙaryar da na yi mata.

Da lokacin aikin ido na biyu ya matso, sai ga Injiniya a ƙofar shago, ya rame, rigarsa ba guga. Aku ta fizge hannunta ta rugo ta faɗa jikina, ta cusa kai a wuyana. Na shaƙi ƙanshin man gashinta.

"Ta ce ba inda za ta sai da ke," ya ce. "Yaya ta ce a ce mata gidan wasan yara za a je, amma ta daina yarda da kowa."

Kun san abin da zuciya ta raya mini? Ta ce, ga dama ta zo. Ki je, ki zauna a benci ki harɗe ƙafa, in nas ta ce mutum ɗaya, ki ce Gwaggo bismillah. Ta shiga ta sha gwiwa a baki, gwaggwaron ya faɗi, ke kuma ki ɗaga waya. Wallahi har murmushi na yi da na hango abin.

Na ce masa ya jira a waje. Na zaunar da Aku a kan teburin yanka, na ɗauko 'yar tsanar da nake gwada ɗinki a jikinta, na yanko farin ƙyalle na rufe mata ido ɗaya, na kifa mata murfin kwalba a hanci.

"Aku, ranar nan na yi miki ƙarya. Ba hoto muka je ba, idonki aka gyara. Jibi ma za a gyara ɗayan. Za a sa miki abu a hanci kamar na 'yar tsanar nan, ki yi barci. In kin tashi ido ɗaya zai kasance a rufe, kuma za ki iya jin tsoro. Amma zai wuce."

Ta kalle ni. "Da zafi?"

"Kaɗan, bayan kin tashi. Za a ba ki magani."

"Za ki zauna?"

Na buɗe baki, na tuna da bencina da ƙafar da zan harɗe. "Zan zauna," na ce.

"Ba ƙarya?"

"Ba ƙarya. Daga yau ba zan sake yi miki ƙarya ba, ko ƙarama."

Ta miƙo ɗan yatsanta, na saƙala nawa. Sannan na sa mata rigar ruwan ƙwai, ta tsaya gaban madubi mai tsaga, na ɗauke ta hoto da wayata har sai da ta gaji da murmushi.

Ranar aikin na raka ta, ta shiga rungume da 'yar tsanar nan, da kanta ta riƙe robar hancin, tana kuka kaɗan-kaɗan amma ba ta yi kokawa ba. Na fito na zauna a ƙarshen benci. Hajiya tana can ɗaya ƙarshen da carbinta, Gwaggo a tsakiya da wayarta, gaisuwata ma da ƙyar aka amsa. Shi kuma yana tsaye jikin bangonsa na ran nan, kamar an kafe shi da ƙusa.

Nas ta leƙo. "Mai yarinyar ido? Mutum ɗaya."

Na kalli Gwaggo. "Bismillah, Yaya. Ke jininta ce, ba za ta ƙi ki ba."

Daidai nan ƙarar Aku ta keto ƙofar. Gwaggo ta ɗago rabi daga benci, ta ji ƙarar ta biyu, sai ta koma ta zauna tana lalube a jaka. "Ni ba na iya ganin irin wannan," ta ce. "Jiri nake ji."

Da na ƙara jira kaɗan, da na ci riba. Amma yarinyar tana can tana ihu ita kaɗai, kuma na saƙala yatsa. Na miƙe. Na zare zoben, don ba zan sake karce ta ba, na je na buɗe tafin hannunsa na sa masa.

"Riƙe mini," na ce, yadda duk za su ji. "Ka faɗa wa Hajiya abin da likita ta ce, duka, har da maganar hoto. In na fito ka faɗa, ka mayar mini a yatsa. In ba ka faɗa ba, ka riƙe abinka gaba ɗaya."

Na shiga. Ba zan ce muku gaskiyar da na faɗa mata ta hana abin ba. Ta yi ihu, ta yi duka, ta ce in sake ta, na sha ƙafa a ƙirji. Sai dai bai kai na farko ba, ko ƙarin magani ba a yi ba. Na riƙe hannayenta ina waƙa, fuskata tana kallon gilashin ƙofa, don na rantse idona ba zai bar bakin mutumin nan ba. Ina hango su sarai. Gwaggo tana magana da hannu biyu. Hajiya tana jan carbi. Shi kuwa sau ɗaya ya taka zuwa gaban uwarsa, ya tsaya. Hajiya ta ɗago ta dube shi. Sai ya sunkuya ya gyara mata takalminta da ya juye, ya koma jikin bango, hannu a dunƙule, baki a rufe.

Jikin Aku ya saki. Ta yi ɗan barci, sannan idon da aka gyara da farko ya buɗe, ya zagaya ɗakin, ya tsaya a kaina. Wannan karon ni yake kallo.

"Anti Ɗinki," ta ce, murya a dishe. "Kin zauna."

"Na zauna."

Ta laluba ta kama yatsana, daidai wurin da zoben ya bar farin zagaye, ta riƙe gam.

"Baba ya ce in idona ya warke za ki dawo gidanmu, ki riƙa kwana kusa da ni. Za ki zo ko?"

Na ɗaga kai. Yana nan jikin bango, bai motsa ba.

Ta jijjiga yatsana. "Anti Ɗinki, za ki zo? Ba ƙarya fa. Kin ce ko ƙarama."